An yi wa ɗana hoton ƙirji sau biyar, yanzu likita na son siti-sikan, maigida ya ce a'a

Assalamu alaikum Anti. Ina da yaro ɗan shekara biyar, tun sanyin bara yake fama da tari, ya tafi ya dawo. Cikin wata takwas an yi masa hoton ƙirji sau biyar a wurare uku. Biyu daga ciki rana ɗaya aka ɗauka, don na farko bai fito ba, wai ya motsa. Duk inda muka je sai a ce mu yi sabo, ba wanda ya taɓa tambayar na baya. Yanzu an tura mu babban asibiti, likitan yara ya ce yana so a yi masa siti-sikan na ƙirji, wani irin hoto da ya fi na baya nuna cikin jiki. Maigidana ya ce sam ba da yawunsa ba. Hajiyarsa ta ce hoton nan yana ƙona jini, yana kashe ƙwayar haihuwa, kuma wai ni ce da rawar kai nake ta kai mata jika ana gasawa. Tun ranar maigida ya canza min fuska. Abin da ya fi ci min rai, a hoton ƙarshe ni na riƙe yaron, ba a ba ni rigar kariya ba, ba a kuma tambaye ni komai ba. Bayan sati biyu gwaji ya nuna ina da ciki wata biyu. Ban gaya wa kowa da cikin na shiga ɗakin hoton ba. Ba na iya barci. Shin na cuci ɗana? Abin da ke cikina fa? Ƙawata ta ce in sayar da ɗan kunnena in kai shi a ɓoye. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata uwa daga Jihar Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba yaro lafiya, ke kuma Allah Ya raba lafiya. Zan fara da abin da ya hana ki barci, don na san sauran maganar ba za ta shiga kunnenki ba sai hankalinki ya kwanta. Ba ki cuci ɗanki ba. Uwar da ta ga ɗanta yana tari wata da watanni ta ɗauke shi ta kai asibiti, aka ce a yi hoto ta yi, ba ta yi komai ba face abin da ya wajaba a kanta.

Ba lallashi kawai nake yi miki ba, ga lissafin. Hasken eksire da ke ratsa jiki ya fito da hoton ƙashi da huhu, ana auna abin da jiki ya sha daga gare shi da ma'aunin da ake kira milisibat. Ko mutum bai taɓa taka ƙofar asibiti ba, yana shan irin wannan radiyeshan ɗin kullum, daga ƙasar da yake takawa, da ginin da yake kwana a ciki, da sararin sama, har da abincin da yake ci. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2008 cewa a matsakaici kowane ɗan Adam yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara ta wannan hanyar. Hoton ƙirji na babban mutum, gaba da gefe, kimanin 0.1 ne, na yaro kuwa bai kai haka ba idan an saita na'ura daidai jikinsa. Ko mun ɗauka duk sau biyar ɗin awon manya aka ba shi, sun tashi 0.5, abin da bai kai wanda zai sha cikin wata uku yana wasansa a tsakar gida ba. Gaskiya ne tsohuwar na'ura da ba a duba saitinta takan ba da fiye da ƙima, amma ko ta ninka wannan adadin sau uku, har yanzu yana ƙasa da na shekara ɗaya. Hasken kuma ba ya zama a jiki, ana kashe na'ura ya wuce. Don haka madarar da ake cewa a sha bayan hoto don ta wanke jini, in yaro na so ki ba shi, amma ba abin da za ta wanke.

Batun cikinki ma haka. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta bayyana cewa ba a ga radiyeshan ya jawo ɓari ko nakasar halitta ba muddin abin da ya isa ga ɗan tayi bai kai miligire 50 ba (miligire shi ma wani ma'aunin wannan hasken ne). Mai cikin da aka yi wa ita kanta hoton ƙirji, abin da ke isa mahaifarta bai wuce 0.01 ba, wato sai an maimaita mata kusan sau 5,000 kafin a zo bakin wancan adadin. Ke kuwa ba a kanki aka saita hasken ba, ɗan abin da ya fallatso daga jikin yaron ne ya same ki. Kada ki bari wani ya tsorata ki da maganar taɓa cikin nan saboda wannan. Ki je awo da wuri, ki gaya wa ungozoma ko likita ranar da abin ya faru don a rubuta a katinki, ki ci gaba da shan magungunan awo kamar kowace mai ciki.

Amma fa an yi miki ba daidai ba a ɗakin hoton nan, kuma gara ki sani don gaba. Ƙa'idar aikin ita ce duk macen da ke cikin shekarun haihuwa, kafin a ɗauke ta hoto ko a bar ta ta tsaya kusa da na'ura, a tambaye ta ko tana da ciki ko tana zaton tana da shi, a kuma tambayi ranar al'adarta ta ƙarshe. Wanda zai riƙe yaro dole a sa masa rigar dalma, wannan mai nauyin da ke saukowa daga kafaɗa har gwiwa. Mai ciki kuwa ba ta riƙe yaro ko da riga, a nemo wani. Sakacin ma'aikacin ne, ba naki ba.

Yanzu siti-sikan. A nan ne tsoron maigidanki yake da ɗan tushe, kuma ba zan ɓoye miki ba. Wannan na'ura ba hoto ɗaya take ɗauka ba, zagaya jiki take yi tana ɗauko shi yanka-yanka, kwamfuta ta harhaɗa. Shi ya sa take ganin abin da hoton ƙirji ba ya gani, shi ya sa kuma haskenta ya fi yawa. Siti-sikan na ƙirjin babban mutum yakan kai milisibat 6 zuwa 7, kwatankwacin hoton ƙirji 60 zuwa 70 a lokaci guda. Yara sun fi manya saurin illatuwa da radiyeshan, saboda jikinsu yana kan girma, ga kuma shekaru masu yawa a gabansu da illa za ta iya bayyana a ciki. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban bincike da aka yi a Birtaniya a kan yaran da aka yi wa siti-sikan. Ƙiyasin da masu binciken suka fitar shi ne, cikin kowane hoton kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara goma, za a iya samun ƙarin yaro ɗaya mai sankarar jini da ɗaya mai ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa a shekaru goma da suka biyo baya. Wancan na kai ne, ba na ƙirji ba, amma ya nuna miki girman abin. Haɗarin yana nan, sai dai ƙarami ne ƙwarai, kuma yana ƙara raguwa idan an rage awon na'ura daidai nauyin yaro.

A ɗaya ɓangaren kuma ga tarin da ya ƙi jin magani wata takwas. Tari irin wannan a jikin yaro yana iya zama asma, yana iya zama tarin fuka wato tibi, yana iya zama ciwon huhun da bai warke sarai ba. Wani lokacin ma ƙwayar gyaɗa ce ko wani ɗan abin wasa yaro ya shaƙa ya maƙale a hanyar iska, kuma irin wannan sau da yawa ba ya fitowa a hoton ƙirji. Kowane ɗaya daga cikinsu, in aka bar shi, ɓarnar da zai yi wa huhun yaro ta fi ta siti-sikan kusa, ta kuma fi ta tabbas. Idan aka hana hoton da ake buƙata don tsoron haske, an gudu gara an faɗa gidan zago.

Dokokin kare majiyyata da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suke bi ba su ce sau kaza ya halatta a yi wa mara lafiya hoto a shekara ba. Babu wannan adadin. Abin da suka shar'anta biyu ne: kada a yi hoto sai amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa, in kuma za a yi, a yi da mafi ƙarancin hasken da zai fito da abin da ake nema. Kowane hoto ana auna shi ne da dalilinsa. Da wannan ma'aunin, abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba siti-sikan ɗin da ke gaba ba ne, hotunan baya ne da aka yi ta maimaitawa ba wanda ya ce ina na jiya. Wasu daga ciki ƙila sun zama dole, don ciwon huhu yana sauyawa cikin makonni. Amma da wuya a ce duka biyar. A wurare da yawa a ƙasar nan kowane asibiti da fayil ɗinsa, na'urar wannan ba ta magana da ta wancan, wasu wuraren kuma, mu faɗi gaskiya, hoto hanyar shigar kuɗi ce. Tunda tsarin bai haɗa bayanan ɗanki wuri guda ba, ke ce za ki haɗa.

Ki nemo duk hotunan nan da takardun sakamakonsu, ki jera su a babban ambulan ɗaya bisa kwanan wata. Kada ki naɗe fim ɗin, kada ki bar shi a rana ko cikin zafin mota. Wanda aka ba ku a faifai ko aka turo ta waya ki adana shi, wanda ba a ba ku ba ki koma ki nema, haƙƙinku ne. Ki sami ƙaramin littafi ki rubuta ranar kowane hoto, da wurin da aka yi, da sashen jikin da aka ɗauka, da magungunan da aka ba shi bayan nan. Daga yau duk likitan da ya ɗauki biro zai rubuta hoto, ki miƙa masa ambulan ɗin tukuna.

Da wannan ambulan za ku koma wurin likitan yaran, kuma na ce za ku koma ne da gangan, ke da maigida. Shawarar ƙawarki ta fito daga ƙauna, amma ban goyi bayanta ba. Idan kika kai shi a ɓoye, sakamako zai fito, magani zai biyo baya, wataƙila har da kwanciya a asibiti, kuma duk ba za su ɓoyu ba. Ranar da maigida ya gane, maganar ta tashi daga lafiyar yaro ta koma cin amana, Hajiya kuma ta samu abin riƙewa. Ɗan kunnenki ki bar shi a kunnenki tukuna.

Ki dubi mijinki da idon rahama. Mutum ne da aka gaya masa ana gasa masa ɗa, kuma wadda ta gaya masa mahaifiyarsa ce. Bai shiga ɗakin likita ya ji bayani ba, kuɗi kawai yake ta fitarwa wata takwas, tari kuma bai tafi ba. Akwai yiwuwar ma nauyin kuɗin siti-sikan yana cikin abin da ya sa ya ce a'a, don ba araha gare shi ba, kuma maza da yawa sun gwammace su ce abu yana da illa da su ce ba su da halinsa. Ki nemi lokacin da ya ci abinci ya huta, ba a gaban Hajiya ba, ba kuma a gaban yara ba. Kada ki buɗe da cewa Hajiya ba ta sani ba. Ki ce masa ke ma tsoron hoton kike yi, shi ya sa kike so ya raka ki ya yi wa likita tambayoyi da bakinsa, in bayanin bai gamsar da shi ba ku nemi ra'ayin wani likitan yaran. Kin ga kin ba shi matsayinsa na uba, ba ki ƙwace masa hukunci ba. A wannan zaman ne kuma nake so ki gaya masa maganar riƙon yaro da ciki, tare da bayanin da na yi miki a sama. Ba ki san da cikin ba a lokacin, babu laifin da za ki ɓoye, kuma riƙe shi ke kaɗai ne yake cin ki. In kina ganin zai ɗauka da zafi, ki bari sai kuna gaban likita ki faɗa, ya ji amsar nan take daga mai ilimin abin.

Hajiya kuwa, kada ki yi jayayya da ita ko da wasa. Maganarta ba daga iska ta zo ba. Bayan da Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a Jamus a 1895, likitoci da ma'aikatan farko da suka yi ta aiki da shi ba kariya sun ƙone a hannu, wasu sun rasa yatsu, wasu sankara ta kashe su. Sannan wataƙila ta taɓa ganin wanda aka yi wa gashin cutar daji, fata ta yi baƙi, jiki ya yi laushi. Wancan magani ne da ake ba da haske mai yawan gaske da niyyar kashe ƙari, ya ninka na hoton ƙirji sau dubbai. Haka ma abin da zai taɓa ƙwayar haihuwar namiji ya ninka abin da hoton ƙirji ke kaiwa wurin sau dubbai, don hasken ma ba can aka nufa da shi ba. Amma wannan bayani ba daga bakin suruka zai shiga ba. Ki bar ɗanta ya kai mata, ko wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da take jin maganarta. Ke naki shi ne gaisuwa, da gaya mata yadda jikanta ya kwana, da neman addu'arta. Kalmar rawar kai ta yi zafi, na sani. Tsoro ne ya fito da ita, ki bar ta ta wuce.

A gaban likita, ku tambaye shi me yake nema a siti-sikan ɗin da hotunan baya ba su nuna ba, kuma sakamakon zai sauya maganin da za a ba yaron ko kuwa. Ku tambaya ko an yi gwajin tibi. Ana yin sa da na'urar GeneXpert, da kaki, yaran da ba su iya fito da kaki ba kuma akan yi amfani da bayan gidansu, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Ku tambaya ko an gwada maganin asma an ga yadda zai karɓa. Ki gaya masa in akwai mai tsohon tari a gidan, in ana girki da itace ko gawayi kusa da inda yaron yake kwana, in ana kunna turaren wuta ko maganin sauro na hayaƙi a ɗaki a rufe, in kuma tarin ya fara ne farat ɗaya bayan ya ƙware da abinci. Irin waɗannan amsoshin sukan sa likita ya sauya hanya. Za ku iya tambayar ko sikanin irin na masu ciki ko na'urar maganaɗisu ta MRI za su wadatar, tunda su biyun ba su da wannan hasken, amma kada ku kafe a kai. Sikanin ba ya ratsa iskar da ke cikin huhu sosai, MRI kuma tana da tsada, tana ɗaukar lokaci, sau da yawa sai an sa yaro barci. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. Idan ya duba ambulan, ya ji tarihin, ya ce har yanzu yana buƙatar siti-sikan, to shawarata ku yi.

Inda za a yi shi ma abin dubawa ne. Ku fifita asibitin da ke da ƙwararren likitan hoto kuma ya saba da yara, irin asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Malam Aminu Kano, a kan shagon hoton da aka buɗe a lungu. A Najeriya hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wato NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin amfani da na'urorin radiyeshan, masu ɗaukar hoton kuma suna da hukumar da ke yi musu rajista. Ba rashin kunya ba ne maigida ya tambaya ko wurin yana da lasisi. Kafin a fara, ya ce wa ma'aikacin a sa awon yara, a kuma tsaya iya ƙirji. In hoton ƙirji na yau da kullum ne, za ku ga wani haske mai kusurwa huɗu ya sauka a jikin yaron kafin a ɗauka. Wannan fitila ce kawai da ke nuna iyakar inda eksire zai bi, kuma ya kamata ta tsaya daga wuya zuwa ƙasan haƙarƙari, ba ta mamaye ciki da fuska ba. Kada ku yi rigima in ba a ɗora wa yaron dalma a mara ba. Tun 2019 ƙungiyar masana kimiyyar na'urorin asibiti ta Amurka ta ba da shawarar a daina hakan a matsayin al'ada, Birtaniya ma ta bi a 2020, saboda dalmar takan rufe abin da ake son gani har a sake hoto. Rage faɗin haske da daidaita awo su ne kariyar gaske ga wanda ake ɗauka. Rigar dalma ta mai riƙo ce, kuma wannan karon Babansa ne zai riƙe, ke ki jira a waje.

Sake hoto saboda motsi kuwa kina iya rage shi tun daga gida. Yaro ɗan shekara biyar yana fahimta. Ki gaya masa za a kwantar da shi a gado mai shiga cikin wani babban zobe, zai ji ƙara amma ba zafi, kuma Baba yana nan kusa. Ku mai da shi wasa kwana biyu kafin ranar: ya ja numfashi, ya riƙe, ki ƙirga zuwa biyar, ya saki. Ki sa masa riga mara maɓallin ƙarfe ko zif, a cire laya ko sarƙa in akwai. In an ce za a yi masa allurar ruwan da ke ƙara fito da hoto, ku faɗa in yana da matsalar ƙoda, ko asma, ko wani magani ya taɓa tayar masa da borin jini.

Duk wannan lallaɓawar da na ce ki yi tana da iyaka. Idan kika ga numfashinsa yana sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko ya yi tari da jini, ko ya kasa ci da sha, wannan ba lokacin jiran a shawo kan kowa ba ne. Ki ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na yara, ki kira maigida kina hanya. Zazzaɓin da ya wuce sati biyu, da gumin dare, da rama, su ma kada a kai ranar da aka ba ku, ku koma da wuri. Ki rubuto min abin da likitan ya ce bayan ya ga hotunan biyar a jere.